Corolla Sport ko tsohuwar Marsandi? Lissafin da ya kamata mai sayen mota a Kano ta Kudu ya yi kafin ya biya kuɗi

A wajajen Kwanar Ɗangora ne matafiyin da ya taso daga Kano yake barin babban titin Zariya idan ya nufi Tudun Wada, Doguwa ko Jos. Kafin nan, tun bayan da kamfanin Julius Berger ya sake gina titin, tafiya ce shimfiɗaɗɗiya wadda kowace mota za ta nuna iyawarta. Daga nan kuwa sai labari ya canza: hanya ɗaya ce ta masu zuwa da masu dawowa, ga manyan motoci ɗauke da hatsi, ga babura, ga shanu masu tsallakawa, ga tudun rage gudu a bakin garuruwa. Wanda gidansa ke cikin ƙauye kuma sai ya sauka daga kwalta ya hau burji.

Duk mai shirin sayen mota a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa, waɗannan hanyoyi biyu zai riƙa bi. Shi ya sa muhawarar da matasan ma'aikata da 'yan kasuwa ke yawan tafkawa a majalisa da zaurukan WhatsApp ta fi nauyi a nan fiye da cikin birni. Tambayar ita ce: idan kuɗin da ke hannu za su sayi ƙaramar mota mai zafin nama irin Toyota Corolla S ko Honda Civic, kuma za su iya sayen Mercedes-Benz C300 ko Lexus ES350 da ta kwana biyu, wacce ya kamata a ɗauka?

A wurin dillali, farashin biyun yakan zo kusa da juna. Bambancin yana fitowa ne daga baya, a gidan mai, a wurin mai faci, da kuma ranar da mota ta ƙi tashi alhali wanda zai iya gyara ta yana Kano.

Me ya sa kuɗinsu ke zuwa kusa da juna?

Lokacin da suke sababbi a Amurka, kuɗin C300 ɗaya ya kai na Corolla biyu. Amma motar alfarma tana saurin zubar da daraja, domin wanda ke da halin sayen sabuwa ba ya son tsohuwa, wanda ke son tsohuwa kuma yana tsoron kuɗin gyara. Corolla kuwa kowa nemanta yake yi, daga ma'aikacin gwamnati har mai haya, don haka farashinta ba ya faɗuwa da sauri. Bayan shekara goma zuwa goma sha biyar sai su haɗu a tsakiya.

Abin da ya ƙara matse kasuwar shi ne sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa tsohuwar harkar motocin Kwatano. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin fito na Kwastam ya bi ta. Sakamakon haka, mutane da yawa da a da za su sayi tokumbo sun koma neman ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita a nan gida.

A nan ne ake yawan yin kuskuren farko. Sau da yawa Corolla ɗin da ake magana a kai tokumbo ce, ita kuwa Marsandin da ta zo daidai kuɗinta ta hannu ce da ta ratsa mutum biyu ko uku. Farashin motar ya sauka, amma farashin kayan gyaranta yana nan inda yake, har ma ya ƙaru, tunda da dala ake shigo da su.

Ba kowace “Sport” ba ce ta tsere

Corolla S ta 2009 zuwa 2013, wadda dillalai ke kira Corolla Sport, injinta ɗaya ne da na Corolla LE: lita 1.8, silinda huɗu, ƙarfin doki 132. Abin da aka ƙara mata ado ne: siket a gefe da gaba, ɗan fiffike a kan but, fitilun hazo, da kujeru da sitiyari masu ɗan bambanci. Wani zai ji wannan ya ce ashe yaudara ce. Ga mai zama a Ƙiru ko Tudun Wada kuwa albishir ne, domin duk bakaniken da ya san Corolla ya san ta, kuma fulogi, matatar mai da takalmin birkinta su ne na sauran Corolla.

Masu zafin nama na gaske daban suke. Honda Civic Si ta 2006 zuwa 2011 tana da inji lita 2.0 mai ƙarfin doki 197, giyar hannu kawai ake yin ta da ita, kuma fetur mai daraja take so. Volkswagen Golf GTI, wadda aka fara fitarwa a 1976, tun daga zubi na biyar tana zuwa da inji mai turbo, da yawa kuma da giyar DSG wadda ke buƙatar canjin mai na musamman a kan kari. Kada ganin tsofaffin Golf da ke jigilar fasinja a tashoshin yankin ya ruɗi mutum. Waɗancan injinsu mai sauƙi ne, kayan gyaransu ko'ina akwai. GTI ta zamani suna kawai suka haɗa, kuma a wajen kulawa ta fi kusa da Marsandi fiye da Golf ɗin haya.

Akwai kuma abin lura ga Corolla S ta 2014 zuwa sama. Mafi yawansu giyar CVT gare su, wadda ke aiki da bel na ƙarfe maimakon haƙoran giya. Tana rage shan mai, amma idan aka zuba mata man giya na gama-gari, lalacewa take yi. Tsohuwar giya mai hawa huɗu ta 2009 zuwa 2013 ba ta da burgewa, sai dai ta fi haƙuri da kuskuren bakanike.

Abin da motar alfarma ke bayarwa

Adalci ne a faɗi abin da ke jan mutane. Mercedes C300 ta 2008 zuwa 2012 tana da inji V6 lita 3.0 mai ƙarfin doki 228 da giya mai hawa bakwai. A kan titin Zariya tana zama daram, ƙarar iska da ta taya ba sa damun na ciki, kuma wuce tirela ba ya ɗaukar ta lokaci. A hanya mai layi ɗaya irin ta Tudun Wada, wannan ƙarfin wucewa yana da amfani na gaske, domin yana rage daƙiƙun da direba zai yi a hannun masu tahowa.

Ta fuskar kariya ma tana da abin faɗa. Ta fi Corolla nauyi da sama da kilo 300, kuma na'urar hana mota zamewa a kwana tana cikin kowace C300. A Corolla ta Amurka sai daga 2010 ne wannan na'ura ta zama ta kowa da kowa. A ta 2009 zaɓi ce, wata na da ita, wata babu.

Sai kuma martaba, wadda ba wanda zai ce ba ya so. Motar da mutum ya je ɗaurin aure ko taron siyasa da ita tana magana kafin ya buɗe baki. Sai dai dokar hanya ba ta san tambari ba: iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 100 ne a awa a kan tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Duka motocin biyu suna kaiwa nan ba tare da wahala ba.

Lissafin gidan mai

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. Daga lokacin shan mai ya zama abu na farko da ake tambaya game da mota.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna Corolla mai inji 1.8 tana yin kimanin kilomita 12 da lita ɗaya idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, C300 da ES350 kuma kimanin kilomita 9. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Tudun Wada, yana shiga Kano sau ɗaya a mako, yana kuma zirga-zirgar aiki da ta iyali, har ya haɗa kilomita 1,500 a wata. A shekara ya yi 18,000. Corolla za ta sha lita 1,500, C300 kuma 2,000. Bambancin lita 500 ne. Idan aka ƙaddara lita a naira 1,000, rabin miliyan ke nan duk shekara, kafin a taɓa ko da kusa ɗaya a jikin motar. Tsohuwar mota mai gajiyayyun sensa kuma takan sha fiye da abin da ke rubuce.

Ingancin man ma abin dubawa ne. An ƙera C300 ne don fetur mai lamba 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin Turai. Gidajen mai a Najeriya kuwa kusan duk fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba zaɓi. Kwamfutar motar takan daidaita kanta don kare injin, amma hakan na rage ƙarfi, ya ƙara shan mai. Masu motoci ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, ya lalata motoci, ya jawo dogayen layuka. A ƙauyukan da gidan mai ke nesa, inda dole wani lokaci a sayi na galan a hannun 'yan bumburutu, injin da ya fi sauƙi shi ya fi jure abin da aka ba shi.

Haka abin yake a wajen sabis. Corolla tana cin baƙin mai lita huɗu da 'yan kai. C300 tana cin kimanin lita takwas, kuma na musamman mai tsada wanda ya dace da ƙa'idar kamfanin. Giyarta mai hawa bakwai ba ta da sandar auna mai, daga ƙasa ake cika ta da kayan aiki na musamman.

Taya, rami da damina

Kano ta Kudu ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma a watan Agusta hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka da gonaki sukan zama taɓo da kwazazzabai. Yankin Riruwai, hedikwatar Doguwa, ƙasa ce ta duwatsu. A irin wannan wuri, tsayin gefen taya ya fi ƙarfin inji muhimmanci.

Lambobin da ke jikin taya suna ba da amsa. Tayar Corolla LE 195/65R15 ce: faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 127. Corolla S mai wili 16 tana da 205/55, kimanin milimita 113. C300 Sport tana da 225/45 a gaba da 245/40 a baya, wato kimanin milimita 101 da 98. Civic Si ma 215/45 ce, kimanin 97. Wannan robar ta gefe ita ce katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. Idan ta yi siriri, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa wili.

Akwai ƙarin matsala ga C300 Sport: tunda tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ba a musanya su don su cinye daidai. Samun 245/40R17 a wurin mai facin gari kuma ba kamar samun 195/65R15 ba ne. An kuma rage mata tsayi fiye da 'yar uwarta C300 Luxury, don haka tudun rage gudu yakan daki cikinta idan an cika ta da mutane. Corolla S ma siket ɗinta yakan karce ƙasa, amma roba ce ta ado, ko ta fashe mota za ta ci gaba da tafiya.

Ko wace mota aka zaɓa, a duba shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya raga musu.

Ranar da kwamfuta ta ƙi

A nan ne ainihin bambancin yake. Motar alfarma ta wannan zamani tarin ƙananan kwamfutoci ce da ke magana da juna: ta inji, ta giya, ta birki, ta makulli, ta fitilu. Idan ɗaya ta ƙi amsawa, sauran sukan tsaya.

Sanannen misali a C300 ta wannan zubi shi ne makullin sitiyari na lantarki. Ƙaramin moto ne ke buɗe shi duk lokacin da aka sa makulli. Idan ya gaji, direba zai murɗa makulli ya ji shiru, alhali batir lafiya, inji lafiya, tanki cike. Turawa ba ta tayar da ita, haɗa batir ba ya tayar da ita. Sai an kwance, an gyara ko an canza, sannan a daidaita shi da makullin motar ta hanyar kwamfuta. Masu wannan aiki da na'urar Mercedes ta Xentry a birni suke.

Idan hakan ta faru a Zoo Road, ɓacin yini ɗaya ne. Idan ta faru a Doguwa, sama da kilomita 100 daga Kano, sai an nemo motar ɗauka, an biya ta zuwa birni, an bar motar a gareji, an dawo a motar haya. Idan kuma a tsakiyar Dajin Falgore ne da yamma, dajin da aka sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a cikinsa a shekarun baya, magana ta wuce ta kuɗi.

Corolla ma tana da kwamfuta, tana kuma lalacewa. Amma yawancin abin da ke tsayar da ita, kamar famfon mai, koyil, fanbel ko kik, bakaniken gari ya saba da su. Abin da babu a kusa, ana kiran waya Kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a ba direban haya ya taho da shi a ranar.

Wani haɗarin shi ne gyaran ganin dama. Al'ada ce a gareji da yawa a cire na'urar daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto. Wannan ba ya yi wa kowace mota kyau, amma injin Toyota yakan daɗe yana haƙuri kafin ya nuna. Injin Jamus yakan mayar da martani da wuri, da fitilar gargaɗi, ƙarin shan mai, daga baya kuma gyara mai tsada.

Lexus: hanyar tsakiya

Ba duk motocin alfarma ne halinsu ɗaya ba. Lexus reshen Toyota ne, kuma ES350 ta 2007 zuwa 2012 a kan ginin Camry aka yi ta. Injinta V6 lita 3.5 shi ne a cikin Camry V6, Avalon, Highlander, Sienna da RX350, don haka makanikai sun san shi, kayansa kuma suna samuwa. Wanda ke son kujerar fata, shiru da taushin tafiya ba tare da fargabar makullin lantarki ba, nan ya fi dacewa ya duba.

Amma ita ma ba kyauta ba ce. Shan manta kusan ɗaya ne da na C300. Canza fulogi uku na baya sai an kwance bututun iska na saman inji. Na farko-farkon zubin sun zo da wani bututun baƙin mai mai guntun roba wanda kan fashe ya zubar da mai gaba ɗaya, har kamfanin ya yi gangamin canza shi, saboda haka wajibi ne a duba ko an sa na ƙarfe. Gabanta ma dogo ne kuma ƙasa-ƙasa. Mai shiga ƙauye kullum zai fi jin daɗin RX ko Highlander saboda tsayinsu, idan aljihu zai ɗauki man.

Wayar hannu a matsayin bakanike na biyu

Kafin a biya kuɗi, akwai binciken da mai saye zai iya yi da kansa.

Na farko, lambar VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu ta gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Tokumbo da yawa daga gwanjon Copart ko IAA na Amurka suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Sanya lambar a Google kawai yakan fito da hotunan motar a ranar gwanjo. Rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda ake biya, yana nuna tarihin haɗari da adadin tafiyar da aka rubuta, abin da ke tona asirin mitar da aka mayar baya. Motar da ambaliya ta taɓa abar gudu ce ko wace iri ce, amma a motar alfarma ta fi muni saboda yawan wayoyi da kwamfutocin da ke ƙarƙashin kafet.

Na biyu, na'urar OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka mata ƙaramar na'ura irin ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Za ta nuna lambobin matsalar inji, zafin ruwa da ƙarfin caji. Abin da ya fi amfani shi ne shafin da ke nuna ko kwamfutar ta gama gwaje-gwajenta na kai da kai. Idan da yawa daga cikinsu suna nuna ba su kammala ba, alama ce an goge matsalolin kwanan nan ko an cire batir. Sai a yi tafiya mai ɗan nisa da motar a sake dubawa. Sai dai wannan ƙaramar na'ura inji kawai ta fi gani. Marsandi sai an kai ta wurin mai cikakkiyar na'ura ya duba giya, birki da makulli, kuma mai saye ne ya kamata ya zaɓi wurin.

Na uku, fitilun gaban direba. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu daga baya. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don ɓoye wani abu. Maganar jakar iska tana da ƙarin nauyi saboda matsalar kamfanin Takata, wadda ta jawo kiranye mafi girma a tarihin motoci. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, ya fashe da ƙarfi ya watsa ƙarfe. Kiranyen ya shafi Corolla, Civic, C-Class da ES350 na waɗannan shekaru. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna, kyauta, ko akwai gyaran kiranye da ba a yi wa motar ba.

Na huɗu, a leƙa ƙarƙashi. A duba ɗigar mai, shakazoba, da tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Ana yawan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki. A kuma nemi a tayar da motar da safe tana sanyi, domin a lokacin ne ƙarar sarƙar inji da hayaƙi ke bayyana.

Takardu da ranar sayarwa

Takardar Kwastam ta gaskiya tana cikin farashin mota. Wadda aka shigo da ita ta bayan fage tana da araha, amma ana iya kama ta a kowane shinge, kuma motar alfarma ta fi jan idon jami'ai. Ana iya tantance takardun a ofishin Kwastam na shiyyar Kano da Jigawa kafin a biya. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Ba ta biyan gyaran motar mai ita. Fitilar gaba ɗaya ta Marsandi ko Lexus da ta fashe daga aljihu za ta fito.

A yankin da noma ne ginshiƙi, mota ajiya ce kuma. Idan damina ta zo ana neman kuɗin taki, ko rashin lafiya ta taso, ko aure ya matso, abin da za a iya sayarwa da sauri shi ne dukiya. Corolla mai lafiya takan samu mai saye cikin 'yan kwanaki, a gari ko a birni. Tsohuwar Marsandi mai fitila a kunne takan daɗe a wurin dillali, kuma duk mai tayawa da kuɗin gyara yake fara ragewa.

Wa ya dace da wacce?

Ga malamin makaranta, ma'aikacin lafiya ko ɗan kasuwar da mota ɗaya zai mallaka, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai mai naƙuda asibiti da dare, ta kuma ɗauko buhu daga gona, Corolla S ko Civic mai inji 1.8 ta fi dacewa. Idan yawan tafiyarsa a burji ne, ya nemi mai wili 15 ko 16, ya bar manyan wili na ado.

Mai son zafin nama na gaske, irin Civic Si ko GTI, ya sani cewa ya sayi rabin matsalolin motar alfarma: siririyar taya, zaɓen mai da buƙatar ƙwararre. Ta fi dacewa da wanda ke kusa da babban titi, kamar Bebeji da garuruwan Ƙiru na bakin hanya, inda shiga Kano ba aiki ba ne.

Wanda ke son alfarma kuma zai iya ɗaukar kuɗin mai, Lexus ES350 mai tsaftataccen tarihi ta fi sauƙin riƙewa a yankin.

Marsandi kuwa tana da sharuɗɗa uku: a samu wata motar ko babur da za a koma kai idan ta kwanta, a san ƙwararren da zai riƙa duba ta tun kafin a saya, sannan a ware kuɗin gyara a gefe waɗanda ba na cefane ba ne. Wanda zai zuba duk abin da ya tara a kan farashinta, har ya rasa na canza tayoyi huɗu da man giya a watan farko, bai shirya mata ba tukuna. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin a karɓi makulli, a ɗauki takarda a rubuta kilomitocin wata, kuɗin lita, kuɗin taya ɗaya, da nisan gida zuwa garejin da zai iya gyaran motar.